Aduwar da Reza Ta Cire

Isma'ila Dogon Hoto bai taɓa ganin teku ba. Ni na gani sau ɗaya, a Kwatano ta ƙasar Benin, shekarar da aka tura mu malaman lakwal, wato makarantar boko, wani taron kwana huɗu, kuma da waɗannan kwanaki huɗu na yi shekara da shekaru ina takura masa. Duk hoton da ya haɗa sai ya kawo mini, ni kuma in gyara gilashi, in karkata kai, in ce ai bakin ruwa ba haka yake kwanciya ba. Yau da nake rubuta wannan, kunyar kaina nake ji, amma haka aka yi, kuma ba zan rage komai ba.

Shagonsa yana bakin kasuwar Dole a Zindar, tsakanin mai gyaran rediyo da mai ɗinkin hula. Hoton katin shaida yake ɗauka, da na biki, da na suna, da su yake ci da iyalinsa. Gajere ne, siriri, magana ba ta dame shi ba. Idan ka ɓata masa rai ba zai tanka ba, sai ya ɗauko ƙyalle ya hau goge idon aparensa, wato na'urar ɗaukar hoton, har sai ka gaji ka tafi. Wanda bai san shi ba zai ɗauka mutum ne mara buri. Yana da buri, sai dai ba irin na mutane ba ne.

Wata kalanda ce ta jawo masa. Alhaji Tijjani, wani Bakano mai sayar da atamfa a Dole, ya rataye ta a rumfarsa. Hoton da ke jikinta dogo ne a kwance: tsauni ya gangaro har cikin teku, ga farin rairayi ya miƙe iya ganinka. Isma'ila ya tsaya a gabanta har mai rumfa ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce shi abin da ya ba shi mamaki, yadda aka kama faɗin duniya haka a takarda ɗaya, alhali nasa aparen iyakarsa ƙofar gida da mutum uku. Daga ranar ya ƙudura sai ya yi wa ƙasarmu Damagaram irin wannan. Duwatsu dai muna da su jibge a ko'ina, kamar an sauke kaya an manta. Teku ce babu, amma da damina tabkuna suna cika a gindin duwatsun, ya ce wannan ya ishe shi.

Ga yadda yake yi. Idan an kwana ana ruwa, da sassafe zai hau dutse, ya kafa wata sanda da ya ɗaure aparen a kanta, ya fara daga hagu. Ya ɗauka, ya ɗan juya, ya ɗauka, har bakwai ko tara, kowane hoto ya ciji gefen ɗan'uwansa. A farkon lamarin Kano ake kai felikil ɗin, wato fim ɗin apare, wanki, Alhaji Tijjani ne yake tafi da shi, sai an yi mako uku kafin ya ga abin da ya ɗauko. Idan sun dawo ya shimfiɗa su a kan allon katako, ya daidaita layin duwatsun nesa, ya ɓare sabuwar reza ya yanke inda suka hau juna, ya manne su da gam a kan kwali. Abin da zai fito kamu biyu ne a tsawo, faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Nan ya samo sunansa.

Alfaharinsa duka a mahaɗin yake. Yakan ce duk wanda ya nuna masa inda hoto ya haɗu da hoto, ya ɗauka ya tafi da shi. Mutane su yi ta ƙura ido har su gaji. Hannunsa bai taɓa rawa a kan reza ba.

Ni kuma aikina kushe. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci zai zo zaurena da allonsa a hammata, hotunan a jere bai manne ba tukuna, a ɗora shayi, in fara. In ce sama ta yi yawa, ka ba gajimare rabin takarda kamar shi ya biya ka. In ce tabkin ya karkace, yanzu ruwan zai zubo mini a cinya. Wata rana wata akuya ta yi tafiya tsakanin ɗauka da ɗauka, ta fito da kai biyu, na yi wata guda ina yi masa dariya. Shi dai iyakarsa ya ce, “To, Mushe.” Haka ake kiran malamin lakwal a nan, kuma ni na ɗauki sunan da muhimmanci fiye da kima. Ban taɓa riƙe apare ba a rayuwata. Bakina kawai nake da shi, da Kwatano.

Mutum ɗaya ce Isma'ila yake buɗe baki sosai idan ana zancenta: yayarsa Kulu. Uwarsu ta rasu yana shekara huɗu, Kulu ce ta goya shi, da ta yi aure kuma ta tafi da shi gidan mijinta Habu a Tudun Baushe, wani ƙauye a ƙasar Guna. Ita ta sayar da tunkiyarta ta sa shi koyon hoto a birni, lokacin da kowa ke cewa sana'ar 'yan iska ce.

Gonarsu tana gindin duwatsu. Yawancinta jigawa ce, rairayi zalla, gero ya yi in ya ga dama. Amma a gefenta na dama akwai wani ɗan kwazazzabo da ruwa ya zaizaye, daga shi kuma zuwa wata aduwa akwai fili mai faɗin taki ashirin, wanda ya miƙe har bakin tabki. Wannan filin shi ne ran gidan. Da damina dawa, da rani garka: albasa, tumatir, yakuwa, kabewa. Aduwar ita ce iyaka. Daga bayanta gonar maƙwabcinsu Umaru ce, ta gyaɗa, wadda duwatsu suka tare ta ba ta kai ruwa ba. Habu ya bar aduwar tun tana tsiro saboda ta zama shaida, ya hana kowa sa mata gatari.

A daminar 1998 Isma'ila ya je ƙauyen ya hau dutsen da ke saman gonar. Tabki ya cika ya batse, rairayin bakinsa fari fat, can nesa ga wani babban dutse tsagagge, kamar an sara shi biyu. Ya ɗauki huɗu lafiya. Da ya zo na biyar, wani dutse ya tare masa gani, sai ya tuge sandarsa ya koma kan wani falalen da ke dama, kamar taki ashirin daga inda yake, ya ƙarasa sauran ukun daga can.

Ranar da ya kawo su zaurena ina zaune da ƙamus ɗina na Faransanci a cinya, ina neman wata kalma. Ya jera su a allo. Na duba, na sake dubawa. Gaskiya ban taɓa ganin ya yi aiki kamar wannan ba, har na tuna Kwatano da gaske. Amma ni ba na iya yabo in tsaya. Idona ya sauka a kan aduwar. Tana tsakiyar hoton, karkatacciya, rassanta a barbaje kamar tsohuwar tsintsiya, ta tsaya dab da tsagaggen dutsen.

Na ce, “Komai ya yi. Amma wannan itacen ya ɓata maka hoto.”

Ya ce, “Iyakar gonar Yaya ce, Mushe.”

Na ce, “Hoto kake yi ko rabon gado? A kalandar Alhaji ka ga aduwa a tsakiyar teku?”

Ya sunkuya yana zame na huɗu da na biyar a kan juna, gaba da baya. Can na ga fuskarsa ta washe. Da yake ya canja wurin tsayuwa, abin da ke kusa ya gusa, na nesa kuwa yana nan inda yake. A hoto na huɗu aduwar tana dama da tsagar dutsen, a na biyar tana hagu da ita. Ya ɗauko reza, ya bi tsakiyar tsagar ya yanke duka biyun. Ya haɗa. Dutsen ya zauna cif, layin sama bai motsa ba, aduwa kuwa babu ita, kamar ba a taɓa shuka ta ba. Tare da ita filin nan mai taki ashirin ya tafi, gyaɗar Umaru ta matso har bakin kwazazzabon. Mu duwatsu muke kallo, babu wanda ya dubi ƙasa.

Na tafa masa. Na ce yau ka zama gwani. Ya yi dariya har da riƙe ciki, abin da ba ya yi. Muka sha shayi, aka share guntayen takarda daga tabarma, ya tafi. Hoton ya ba Alhaji Tijjani, aka rataye shi kusa da inda kalandar take.

Shekaru suka wuce, ba su kuma zo wa Isma'ila da daɗi ba. Salula, wato wayar hannu, ta shigo, kowane yaro ya zama mai hoto. Wata rana wani ya nuna masa yadda ake juya salula sau ɗaya ta fitar da dogon hoto kafin ka ƙifta ido. Ya karɓa ya duba, ya ce mahaɗin ya nuna, ya mayar masa. Wata damina bangon bayan shagonsa ya faɗi, ruwa ya shiga akwatin da yake tara tsofaffin felikil, duk suka manne suka zama dunƙule ɗaya. Hoton rumfar Alhaji ma ya koɗe, sai ɗansa Fahad ya kai shi wurin masu kwamfuta, suka sake buga shi a takarda ɗaya doguwa, suka rufe da leda mai kauri, aka jefar da na kwalin.

A Tudun Baushe kuma Habu ya rasu. Bayan shekara guda iska ta kayar da aduwar, aka ƙone itacen, gara ta cinye kututturen. Ɗan Kulu tilo ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Da garkar nan take ciyar da su, ita da guga da ƙwarya, tana tsufa tana ja. Umaru ma ya yi doguwar jinya ya bi su.

Sai ɗansa Abdul'aziz ya dawo daga Libiya da injin ban ruwa, gonarsa kuwa ba ta taɓa tabki. Ya ce shi kwazazzabo ya sani a matsayin iyaka, Kulu ta shigo musu ne lokacin da ubansa ke kwance shi kuma ba ya gari. Ban ce ƙarya ya shirya ba. Yana ƙarami ya bar ƙauyen, kuma mutum idan yana son abu, tunaninsa yakan taya shi. Kulu ta ce tun ranar da aka kawo ta gidan Habu suke noma har gindin aduwa. Ya ce wace aduwa? Tsofaffin da suka sani sun ƙare. Ɗaya da ya rage ya ce ya tuna da aduwa, amma ba zai iya cewa ga inda take ba.

Magana ta je gaban mai gari. Ni ban je zaman farko ba, Isma'ila ne ya ba ni labari. Mai gari ya yanke cewa Kulu ta dafa Alƙur'ani ta rantse, Abdul'aziz ya ce in ta rantse ya haƙura. Kulu ta yarda, har ta tashi ta yi alwala. Nan Isma'ila ya miƙe. Ya ce yana raye ba za a sa yayarsa rantsuwa a bainar jama'a kamar wadda aka kama da kayan sata ba. Ya ce yana da shaidar da ba ta mantuwa, ba ta son kai: hoton gonar tun Habu da Umaru suna da rai. Mai gari ya tambayi ɓangarorin biyu, sun yarda abin da hoto ya nuna shi ke nan, babu rantsuwa, babu ƙara gaba? Abdul'aziz ya yarda da ƙyar. Kulu ta dubi ƙanenta ta ce ta yarda. Aka shafa fatiha a kan haka.

Ya zo mini yana sheƙi kamar yaro. Ya ce, “Mushe, yau aikina zai yi rana. Shekara nawa ana cewa wasa nake. Tunkiyar Yaya za ta dawo mata.” Na taya shi murna. Wallahi ko kaɗan ban tuna ba. Shekara ashirin da uku ke nan, kuma shi da idonsa ya ga aduwar a cikin apare, ni ma na gan ta a allo. Abin da muka gani muka riƙe, abin da muka yi muka manta.

Ranar zama na biyu muka biya rumfar da sassafe. Alhaji Tijjani ya tsufa ya koma Kano, Fahad ne a wurin. Ya sauko da hoton daga bayan tulin atamfa, ya naɗe, ya ɗaure da roba, muka ruga don motar Guna tana shirin tashi. A cikin mota Isma'ila ya rungume shi a ƙirji don kada a matse. Sa'a guda muna tafiya, babu wanda ya ce bari mu buɗe mu gani.

A ƙofar gidan mai gari an cika, maza a tabarmi, mata a tsaye daga gefen danga. Kulu tana zaune ita kaɗai a gaba, ta sa zanenta na fita. Isma'ila ya durƙusa ya gaida mai gari, ya cire robar, ya ba wani dattijo gefe ɗaya ya riƙe, shi ya ja ɗayan. Mutane suka matso. Aka fara, “Ga tabki!” “Ga tsagaggen dutse!” “Kai, ga rumbun marigayi!”

Ni kuwa tsagar dutsen na gani. Zaurena ya dawo mini gaba ɗaya, da allon, da rezar, da tafin da na yi.

Isma'ila yana bin hoton da yatsa yana bayani. “Ga geron Yaya. Ga kwazazzabo. Ga…” Yatsan ya tsaya. Ya koma baya, ya sake tahowa. Daga bakin kwazazzabon gyaɗa ce kore shar, har ƙarshen gonar Umaru.

Mai gari ya ce, “Ina aduwar, Malam Isma'ila?”

Na ga gumi yana bin bayan kunnensa. Abdul'aziz, wanda ya zo a tsorace, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce a hankali, “Alhamdu lillahi.”

Isma'ila ya ce, “Ranka ya daɗe, tana nan. Ni na cire ta. Hotuna bakwai ne na haɗa, na yanke ta a mahaɗi.”

Mai gari ya ce a nuna masa mahaɗin. Isma'ila ya shafa ledar da yatsa, sumul take. Ya kai ta kusa da ido, ya ɗaga ta ga rana. Dattawa suka karɓa ɗaya bayan ɗaya suna shafawa. Aikin da ya yi alfahari da shi duk rayuwarsa ya tsaya masa a wuya: babu wanda ya ga inda aka haɗa, har shi kansa.

Abdul'aziz ya ce, “Baba, ni ban kawo hoto ba, kai ka kawo. Kai ka ce ba ya mantuwa, ba ya son kai. In gaskiya ne, babu aduwa. In kuma ana yanka shi a cire abin da aka ga dama, me ya sa ka hana a rantse?”

Mai gari ya tambaya ko akwai wanda ya ga lokacin da aka yanke. Na miƙe. Na ce ni ne, a zaurena aka yi, kuma ni na sa shi. Wani daga baya ya ce ai abokinsa ne, tare suka zo. Mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya dube ni da mamaki na gaske, ba da gatse ba.

Ya ce, “Mushe, me itacen ya yi muku?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, na ce ya ɓata hoto.”

Wasu suka yi dariya. Kulu ba ta yi ba. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi ƙanenta, ta mayar da kai ƙasa.

Isma'ila ya roƙa a koma ga rantsuwa. Abdul'aziz ya ce an riga an shafa fatiha. Mai gari ya daɗe yana jan carbi. Na tabbata a ransa ya san inda gaskiya take, amma sharaɗin a gabansa aka ƙulla shi, kuma ɓangaren Kulu ne ya kawo shi. Ya ce iyaka kwazazzabo. Ya roƙi Abdul'aziz ya bar ta ta kwashe albasar da ke ƙasa, ya yarda.

Da aka watse muka bi ta gida. Isma'ila ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya ce, “Yaya.” Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage mu da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, “Na yi alwala ranar nan, Isma'ila. Gaskiyata ce, da na dafa na tashi lafiya. Ka ce in zauna, na zauna.” Ta juyo gare ni. “Mushe, a gindinta na yaye ɗana. A gindinta Habu yake cin tuwonsa in rana ta take. Ban san tana ɓata wa mutanen birni hoto ba.”

Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Jigawa ba ta riƙe mutum huɗu. Kafin shekara ta zagayo an raba jikokin, biyu wurin dangin uwarsu a Dogo, ɗaya Isma'ila ya ɗauka. Duk wata yana hawa motar Guna da abin da ya samu, gero ko shinkafa. Takan karɓa, ta ce, “An gode, Malam.” Ita da ta goya shi, ba ta sake kiran sunansa ba. Ya ce mini wannan “Malam” ɗin ya fi masa zafi a kan duk abin da aka faɗa a ƙofar mai gari. Damina biyu ta ƙara, ta rasu da rani, a ɗakin da ta saki wa labule.

Injin Abdul'aziz bai yi shekara biyu ba ya lalace. Ya sayar da filin ga masu bulo, suka haƙe shi har zurfinsa ya fi tsayin mutum, da damina tabki ya shiga ya haɗe. Yanzu ko an ce a mayar wa jikokin Kulu, babu abin da za a mayar, ruwa ne a wurin.

Isma'ila ya rufe shago. Ciwon yana ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma saura kaɗan. Ya daina zuwa zaurena, ni ma na kasa zuwa nasa, sai dai mu gaisa a jana'iza. Ban taɓa jin ya ɗora mini laifi ba, ko a bayan idona. Na so ya yi.

Bara gara ta shiga kwalayen littattafaina, na fito da su tsakar gida ina kakkaɓewa. Na ɗaga tsohon ƙamus ɗin nan, wata 'yar takarda ta zame ta faɗo a ƙafata. Faɗinta yatsa uku. Ashe ranar nan, ina cikin tafi da dariya, na tsinci guntu ɗaya daga tabarma na sa alamar shafin da nake dubawa, na rufe. Shafuka sun kare ta daga rana, launinta kamar jiya aka wanko. Ga rabin tsagaggen dutse a gefen hagu, ga bakin kwazazzabo, ga dawa ta yi baƙi don ƙoshi, ga aduwa. A gindinta wata mace tana zaune da jan kallabi, da ƙwarya a gabanta. Da wannan guntun yana aljihuna ranar shari'a, da ko zama ba a yi ba. Yana gidana, a kan shiryayye, taki biyar daga inda nake kwana.

Na yi kwana tara ina jujjuya shi. Na yi tunanin in ƙone, na yi tunanin in mayar cikin ƙamus in yi shiru. A rana ta goma, Juma'a, bayan masallaci na nufi gidansa.

Na same shi a zaure a kan buzu, ya rame ƙwarai. Muka gaisa kamar baƙi. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na sa masa takardar a tafin hannu. Ya bi gefenta da babban yatsa, sama da ƙasa, a hankali.

Ya ce, “Yankana ne.”

Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya kai ta dab da idon da ya rage. Ya daɗe. Na ga leɓensa yana motsi.

Ya ce, “Wace ce a gindin?”

Na ce, “Ita ce.”

Ya ce, “Ban san tana ciki ba. Duwatsu nake kallo.”

Na fara ba shi haƙuri, na fara bayanin ƙamus da gara, ya ɗaga hannu na yi shiru. Ya miƙo takardar wajena, bai sake ta ba, kamar yadda yake miƙo mini allo a da.

Ya ce, “Duba mini, Mushe, ni idona ya tafi. Ya ɓata hoton?”

Na buɗe baki, karo na farko tun da na san shi babu abin da ya fito. Ya jira ni har ya gaji. Sannan ya ce, “To, Mushe,” ya sa takardar a aljihun gaban rigarsa, ya dafe ta da hannu.